Nagasaki, 9 ga Agusta 1945: Birnin da Ba Shi Aka Nufa Ba

Da hantsin ranar Alhamis 9 ga Agusta 1945, gab da ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, wani ƙaton jirgin yaƙin Amurka samfurin B-29 ya yi ta shawagi a kan birnin Kokura da ke arewacin tsibirin Kyushu a ƙasar Japan. Sau uku yana daidaita hanci ya ratso garin, ƙofar cikinsa a buɗe, sau uku mai sakin bam yana cewa bai ga komai ba. Gajimare da hayaƙi sun lulluɓe wurin. Da aka kwashe kusan minti 50 ana wannan kai da komo, sai jirgin ya juya ya nufi kudu maso yamma. Mutanen Kokura suka wuni ba su san abin da ya tsallake su ba. Ƙarfe 11 da minti 2, bam ɗin nukiliya da aka ɗauko dominsu ya fashe a Nagasaki.

Hiroshima ce kowa ya riƙe, don ita ce ta farko. Nagasaki kuwa a wutsiyar magana ake ambatonta. Amma mai son ya ga yadda makami ke kuɓuce wa masu shi, a nan zai fi ganin abin. Na bi labarin ina neman ranar da wani shugaba ya zauna ya ce a jefa bam na biyu a wuri kaza, rana kaza, abin da na tarar shi ne takarda ɗaya, da hasashen yanayi, da tankin mai da ya ƙi aiki.

Inda makamin ya samo asali

Tsoron Jamus ne ya haifi bam ɗin. A watan Disamba na 1938 wasu masana biyu a Berlin, Otto Hahn da Fritz Strassmann, suka gano ana iya tsaga ƙwayar zarra ta yuraniyom. Lise Meitner, wadda ta tsere daga Jamus saboda asalinta na Yahudawa, ita da ɗan 'yar uwarta Otto Frisch ne suka fayyace irin ƙarfin da ke fita daga wannan tsagewa. Masanan da suka yi hijira zuwa Amurka suka tsorata kada Hitila ya riga kowa. Leo Szilard ya tsara wasiƙa, Albert Einstein ya sa mata hannu ranar 2 ga Agusta 1939, aka kai wa Shugaba Roosevelt.

Aikin bai kankama ba sai 1942, lokacin da aka damƙa shi ga Janar Leslie Groves a ƙarƙashin sunan Shirin Manhattan. Groves ya ɗauko Robert Oppenheimer ya shugabanci ɗakin bincike a Los Alamos, ya gina masana'antar tace yuraniyom a Oak Ridge, da ta haɗa filutoniyom, wani ƙarfe da ake samarwa daga yuraniyom, a Hanford. Kuɗin da aka kashe sun kusa dala biliyan 2, ma'aikata sun haura 120,000, mafi yawansu ba su san abin da suke ƙerawa ba. Kaso mai tsoka na ma'adinin daga Afirka ya fito, daga mahaƙar Shinkolobwe a Katanga ta ƙasar Kwango, wadda ke hannun Beljiyam a lokacin. Shugaban kamfanin da ke haƙar, Edgar Sengier, ya riga ya tura kusan tan 1,200 zuwa New York tun 1940 ya jibge a wani sito, sojojin Amurka suka zo suka saye.

Bama-bamai iri biyu suka fito. Na yuraniyom, wanda aka raɗa wa suna Little Boy, bai da sarƙaƙiya: ana harba guntun ƙarfen ne ya je ya haɗu da ɗan uwansa cikin bakin igwa. An yarda da shi har ba a ko gwada shi ba. Matsalarsa ita ce tara kilo 64 na tataccen yuraniyom ya cinye shekaru, don irin da ake buƙata bai kai kashi 1 cikin 100 na abin da ake haƙowa ba. Guda ɗaya tak aka samu.

Na filutoniyom, Fat Man, shi ne mai wuyar sha'ani. A 1944 aka gano idan aka harba shi irin na farko zai tarwatse kafin ya kama. Dole sai an matse shi. Ka ɗauki dunƙulen ƙarfe mai kilo 6 da 'yan kai, bai fi babban lemo girma ba, ka kewaye shi da gutsattsarin nakiya 32, su tashi a lokaci guda su danne shi ta kowace kusurwa. Duk wanda ya taɓa dunƙula fura a tafin hannu ya san idan yatsa ɗaya ya yi sako-sako, ta nan za ta ɓulle. Haka nan ma, sai dai a nan bambancin da ake tsoro bai kai ɗaya bisa miliyan na daƙiƙa ba. Shi ya sa aka gwada shi a hamadar New Mexico da asubahin 16 ga Yuli 1945. Ya tashi. Kuma shi ne wanda Hanford za ta iya ci gaba da samar wa abin ɗurawa wata bayan wata.

Kafin wannan gwaji Jamus ta riga ta miƙa wuya tun 8 ga Mayu. Dalilin farko ya gushe, aikin bai tsaya ba. Szilard, wanda ya fara tayar da maganar, ya tattara sa hannun masana 70 suna roƙon kada a yi amfani da makamin a kan Japan sai an bayyana mata sharuɗɗa an ba ta damar amsawa. Takardar ba ta isa hannun Shugaba Truman, magajin Roosevelt, ba kafin a jefa.

Yadda sunan Nagasaki ya shiga jeri

A watan Mayu wani kwamiti na hafsoshi da masana ya zauna zaɓen birane. Suna son babban gari wanda ba a riga an ƙone ba, don a iya auna ɓarnar sabon makamin. Irin waɗannan garuruwa sun yi ƙaranci, tunda jiragen Amurka sun yi wata biyu suna cinna wa biranen Japan wuta. A daren 9 zuwa 10 ga Maris kaɗai mutum kusan 100,000 suka mutu a Tokiyo. Sunayen da suka fito su ne Kyoto, Hiroshima, Yokohama, Kokura da Niigata. Babu Nagasaki.

Kyoto ce Groves ya fi kwaɗayi, saboda girmanta. Sakataren yaƙi Henry Stimson, dattijo mai shekara 77 wanda ya taɓa ziyartar garin, ya ce bai yarda ba. Tsohuwar fadar sarakunan Japan ce, cike da wuraren bauta, kuma a ganinsa rusa ta zai bar ƙiyayyar da za ta tura Japanawa wajen Rasha bayan yaƙi. Groves ya yi ta dawo da sunan, Stimson ya yi ta sokewa, har ya kai maganar gaban Truman a taron shugabannin ƙasashen ƙawance da aka yi a Potsdam ta Jamus. Da Kyoto ta fita sai aka nemi mai cike gurbi, a ƙarshen Yuli aka ƙara Nagasaki. Ba ta ma cika sharuɗɗan kwamitin ba: an taɓa kai mata ƙananan hare-hare, kuma gari ne da ya miƙe cikin kwaruruka biyu tsakanin tsaunuka, waɗanda za su tare ƙarfin fashewa. Abin da take da shi shi ne tashar jiragen ruwa da masana'antun Mitsubishi.

Ranar 25 ga Yuli Janar Thomas Handy ya sa hannu a umarnin da aka aika wa Janar Carl Spaatz, kwamandan jiragen da ke kai wa Japan hari. Sakin layi na farko ya ce a jefa bam na farko da zarar yanayi ya ba da damar gani da ido, daga wajen 3 ga Agusta, a ɗaya daga cikin Hiroshima, Kokura, Niigata da Nagasaki. Na biyu ya ce a jefa sauran a kan waɗannan wurare da zarar ma'aikata sun gama haɗa su. Iyakarta ke nan. Ba a ce a dakata a ji amsar Japan ba, ba a ce a sake tuntuɓar shugaban ƙasa ba. An ba da wuƙa da nama. A ranar ce kuma Truman ya rubuta a littafinsa na sirri cewa ya umarci Stimson a auna sojoji da wuraren soja, ban da mata da yara. Ko dai bai fahimci abin da ke cikin jerin ba, ko kuwa yana lallashin zuciyarsa ne.

Hiroshima ta sha nata ranar Litinin 6 ga Agusta da ƙarfe 8 da kwata na safe. Truman na cikin jirgin ruwa a tekun Atlantika yana komawa gida lokacin da labari ya iske shi.

Kwana biyun da aka rage

An tsara bam na biyu ne ranar 11 ga Agusta. Sai masu hasashen yanayi a tsibirin Tinian, inda jiragen ke tashi, suka ce daga ranar 10 hadari zai rufe Japan na kwanaki. Hafsoshin da ke wurin suka matso da ranar zuwa 9. Groves dama yana da ra'ayin cewa duka biyu a jere su ne za su sa Japan ta ɗauka Amurka na da tulinsu.

Gaggawar ta bar alamu. Cikin daren ƙarshe wani matashin jami'in sojan ruwa, Bernard O'Keefe, ya zo haɗa wayar da za ta kai wuta ga bam ɗin, ya tarar an saka ta a juye, kawunan ba sa shiga juna. Warware komai a sake zai ci kwana guda ko fiye. Sai ya jawo ƙarfen lodi ya cire kawunan ya musanya su, a ɗakin da aka hana kusantar da duk wani abu mai zafi saboda tarin nakiyar da ke ciki.

Kafin tashi kuma aka ga famfon tankin ajiya na jirgin, mai suna Bockscar, ya lalace. Lita sama da 2,000 na mai suna ciki amma ba hanyar jawo su, sai dai su ƙara nauyi. Canza jirgi na nufin sauke bam mai nauyin tan 4 da rabi wanda aka riga aka ɗana. Aka ce a tafi a haka. Matuƙin, Manjo Charles Sweeney, shekararsa 25. Suka tashi kafin ƙarfe 4 na asuba.

Ana wata ga wata. An shirya jirage uku su haɗu a kan tsibirin Yakushima, kuma an gaya wa Sweeney kada ya jira fiye da minti 15. Jirgin ɗaukar hoto bai bayyana ba, shi kuwa ya yi ta kewaye har kusan minti 40 yana ƙone man da ba shi da shi. Jirgin duba yanayi ya riga ya aiko cewa sararin Kokura ya yi kyau, amma kafin su isa ya rufe. Jiya-jiya ne jirage sama da 200 suka yi wa Yawata da ke maƙwabtaka ruwan wuta, hayaƙin bai gama washewa ba. Umarni ya ce sai an gani da ido. A zagaye na uku bindigogin kakkaɓo jirage sun fara kusantowa, mai kuma ya yi ƙasa. Sai Nagasaki, zaɓi na biyu.

Can ma gajimare suka tarar. Man da ya rage bai wuce na ratsawa ɗaya ba, daga nan sai a lallaɓa zuwa Okinawa. Abu uku ke gabansu: su sauka da bam ɗananne, su zubar da shi a teku, ko su karya umarni su jefa da na'urar rada. Kwamanda Frederick Ashworth, mai kula da makamin, ya amince da rada. A daƙiƙun ƙarshe mai sakin bam, Kermit Beahan, wanda a ranar ya cika shekara 27, ya ce ya hango ƙasa ta wata kafa a cikin gajimare, ya saki. Wurin da aka tsara shi ne tsakiyar gari. Bam ɗin ya fashe kimanin kilomita 3 arewa da nan, mita 500 a sama da kwarin Urakami, da ƙarfin da ya kai tan 21,000 na nakiya. Bockscar ta sauka a Okinawa injinta ɗaya ya riga ya mutu don rashin mai.

Urakami

Tun ƙarfe 8 saura aka yi jiniyar gargaɗi a Nagasaki, aka janye ta da 8 da rabi. Da aka hango jirage biyu kacal gab da ƙarfe 11, an ɗauka na leƙen asiri ne. Mutane suna waje, ko a bakin aiki.

Kwarin Urakami unguwar ma'aikata ce, kuma nan ne matattarar Kiristocin Japan. Kakanninsu sun ɓoye addininsu fiye da shekara 200 bayan an haramta shi a 1614, da aka sakar musu mara suka kwashe shekara 30 suna gina babbar majami'a da jan bulo. Tazararta da inda bam ɗin ya fashe kusan mita 500 ce. Limamai biyu da masu ibadar da ke ciki ba wanda ya fita. Daga cikin mabiya Katolika kimanin 12,000 na yankin, wajen 8,500 sun mutu. Kwalejin koyon likitanci ta Nagasaki da asibitinta suna kusa. Malamai da ɗalibai da ma'aikata kusan 900 suka tafi, wato waɗanda za su yi jinyar sauran. Makarantar firamare ta Shiroyama na da yara kusan 1,500, kimanin 1,400 suka mutu, mafi yawa a gidajen iyayensu. Akwai 'yan Koriya da aka kawo aikin tilas, akwai fursunonin yaƙi Turawa a wani sansani. Masana'antun Mitsubishi biyu da ke arewa da kudancin kwarin su ma sun rushe, ciki har da wadda ta ƙera makaman ƙarƙashin ruwa irin waɗanda aka kai hari da su a Pearl Harbor.

Tsaunuka sun kare tsohon gari, shi ya sa duk da wannan bam ya fi na Hiroshima ƙarfi, mamatan ba su kai nata ba. Hukumar birnin ta ƙiyasta mutum kusan 74,000 zuwa ƙarshen 1945, a garin da ke da fiye da 240,000. Na Hiroshima kimanin 140,000. Da yawa ba ranar suka mutu ba. Mutum zai fito ba ko ƙwarzane, bayan mako biyu gashi ya fara zuba, dasashi na jini, jiki ya yi ɗigo-ɗigo, zazzaɓi ya kwantar da shi, tururin nukiliya ya riga ya cinye ɓargo. Wani injiniyan Mitsubishi, Tsutomu Yamaguchi, ya ƙone a Hiroshima ranar 6, ya dawo gida Nagasaki da bandeji, yana cikin ba shugabansa labari a ofis hasken ya sake walƙawa. Ya rayu har 2010. Takardun gargaɗin da aka buga don farar hula su bar gari kuwa, sai ranar 10 aka watso su a Nagasaki.

Abin da ke gudana a Tokiyo a wannan sa'a

Masu kare harin suna cewa Japan ta ga Hiroshima ba ta miƙa wuya ba, don haka sai da aka ƙara. Lissafin kwanakin bai goyi bayansu sosai ba. Hiroshima ta yanke daga duniya, ba waya ba rediyo. Sai da yammacin 8 ga wata babban masanin ƙasar, Yoshio Nishina, ya isa can ya tabbatar wa gwamnati cewa bam ɗin zarra ne. A daren ne kuma Tarayyar Sobiyet ta ayyana yaƙi, dakarunta suka kutsa Manchuria, yankin Sin da ke hannun Japan. Wannan ya karya gwiwar shugabannin Japan ƙwarai, don da Mosko suka dogara ta shiga tsakani ta samo musu sulhu mai sauƙi.

Majalisar ƙoli ta yaƙi, mai mutum shida, ta zauna da safiyar 9 kan waɗannan abubuwa biyu. Suna cikin zaman aka shigo da labarin Nagasaki, kuma bai sauya matsayin ko mutum ɗaya ba. Firaminista Suzuki da ministan waje Togo da ministan sojan ruwa Yonai suna son a karɓi sharuɗɗan miƙa wuya da aka gindaya wa Japan a Potsdam muddin za a bar Sarki a kan karagarsa. Ministan yaƙi Anami da hafsoshi biyu, Umezu da Toyoda, suna son ƙarin sharuɗɗa uku. Uku da uku. Anami ma ya shaida wa majalisar ministoci cewa wani matuƙin Amurka da aka kama ya ce suna da bama-bamai 100. Ƙarya ce matuƙin ya shirga don ya tsira daga azaba, amma abin lura shi ne ko da wannan a kunnensa Anami bai sauko ba. Sai cikin dare, wayewar 10 ga wata, Sarki Hirohito ya raba gardama da kansa, ya goyi bayan karɓar sharuɗɗan. Ranar 15 aka ji muryarsa a rediyo yana sanar da miƙa wuya, inda ya ambaci sabon bam mai tsananin mugunta. A saƙon da ya aika wa sojoji ranar 17 kuwa shigowar Sobiyet ya ambata.

Ba na raina hujjar ɗaya ɓangaren. Yaƙin Okinawa ya nuna irin jinin da mamayar Kyushu, wadda aka sa wa 1 ga Nuwamba, za ta ci. Kowane wata da yaƙi ya ƙara, dubban mutane na mutuwa a Sin da sauran ƙasashen da Japan ta mamaye, da sansanonin fursunoni. Mu ma abin bai bar mu ba: dakarun Afirka ta Yamma na runduna ta 81 da ta 82, da yawansu 'yan Arewa, sun gwabza da Japanawa a dazukan Burma, kuma ƙarewar yaƙin ce ta buɗe musu hanyar gida. A kan Hiroshima ana iya yin doguwar muhawara, kowa da abin kamawa. Amma a ganina Nagasaki ba ta da wannan mafakar. Kwana uku bai isa gwamnatin da ta rabu biyu ta tantance abin da ya same ta ba, kuma ba a ma tsara ranar don a ji amsarta ba. Hadari aka guda.

Ranar 10 ga Agusta Groves ya aika wa Janar George Marshall, babban hafsan sojan ƙasa na Amurka, takarda cewa bam na uku zai kasance a shirye bayan 17 ko 18 ga wata. Marshall ya rubuta a ƙasanta da hannunsa cewa kada a jefa shi a Japan sai da izinin shugaban ƙasa ƙarara. A ranar ce Truman ya gaya wa ministocinsa ya dakatar da jefawa. Henry Wallace, wanda ke wurin, ya rubuta cewa shugaban ya ce tunanin sake shafe mutum 100,000 ya yi muni, kuma ba ya son kashe duk waɗannan yara. Wannan ne karo na farko da ya sa hannu kai tsaye a kan lokacin amfani da makamin.

Dunƙulen filutoniyom na ukun bai bar Los Alamos ba. Ranar 21 ga Agusta wani matashin masani, Harry Daghlian, yana gwaji da shi shi kaɗai da dare, wani bulon ƙarfe ya suɓuce daga hannunsa ya faɗa a kai. Tururin nukiliya ya buge shi, ya rasu bayan kwana 25. A watan Mayu na 1946 sukudireba ta zame a hannun Louis Slotin yana aiki a kan wannan dunƙulen dai, ya cika bayan kwana tara. Daga baya aka narkar da shi aka zuba cikin wasu bama-baman.